Idirisu Mai Kati da Rikodar Ɗan Kawunsa

A bayan Dutse, ta hanyar Kiyawa, akwai wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki uku da baranda. A jikin ɗakin farko akwai taga, bayan tagar nan kuwa Idirisu ya yi shekara goma sha ɗaya yana ba da kati. Abin da gwamnati ta sani ke nan, mai ba da kati. Amma duk wanda ya taɓa kai ciwo wurin ya san in aka ɗauke Idirisu, asibitin ya kurmance. Malam Mammadu, malamin asibitin, mutumin Haɗeja ne, Fulatancinsa bai wuce na cinikin nono ba, marasa lafiyar kuwa fiye da rabinsu daga rugage suke fitowa, musamman ranar kasuwar Shuwarin, da mutum kan haɗa sayar da ɗan maraƙi da neman magani a tafiya guda.

Idirisu dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, da biro uku a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa rubutu. A Kano ya yi firamare, a gidan kawunsa, benci ɗaya da ɗan kawun nasa Zailani. Yana aji biyu na sakandare annoba ta shiga garken ubansa, aka aiko ya dawo ya taya kiwon ɗan abin da ya rage. Daga nan boko ya yi gabas, shi ya yi yamma. Abin da bai manta ba, bai kuma bari kowa ya manta ba, shi ne a firamare shi ke zuwa na ɗaya, Zailani na huɗu. Ko zaman makoki aka je, in ka yi haƙuri ka zauna kusa da shi, kafin a shafa fatiha ta uku sai ka ji wannan labari.

Zailani kuwa ya yi ta tafiya kamar ba birki. Sakandare, jami'a, digiri na biyu, har jami'ar ta riƙe shi yana koyar da ilimin kwamfuta. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka dawo da ubansa Dutse, suka samu gida a Takur, sai ya zama duk sallah Idirisu zai taka daga unguwarsu Yalwawa ya je gaida kawu, a zaunar da shi a falo ƙarƙashin hoton Zailani sanye da rigar nan mai kama da ta limamin coci da hula mai jela. Yakan sha lemon da aka ba shi yana kallon ƙasa.

Ba za a ce Idirisu ba shi da nasa ilimin ba, sai dai irin wanda ba a ɗaukarsa hoto ne. Ya san Bafulatanin ruga ba ya faɗin ciwonsa. Fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana. Ka tambaye shi jiki, ko hanjinsa na hannunsa zai ce maka jam, wato lafiya lau. In kuwa surukinsa ko kawunsa ko wani babba na tsaye a wurin, to ka yi ta tambaya har la'asar. Ga shi kuma ba a rako mara lafiya sai da babba. Don haka abin da Idirisu ke fara yi shi ne ya kori ɗan rakiya cikin mutunci. Ya ce wa dattijo kekensa na rana, taya za ta fashe, ko ya roƙe shi ya leƙa masa mai goro a bakin titi. Da zarar an ba da baya, ba ya tambayar ina ke ciwo. Namiji sai ya ce masa, yaushe rabonka da bin shanu rafi? Mace kuwa, wa ke kai miki nono kasuwa yanzu? A nan zance ke warwarewa. Sai ka ji an ce ai tun kafin girbin gero ba a iya ɗaukar ƙwarya, in an hau tudu numfashi ne ke tsayawa. Idirisu ya rubuta a bayan kati, Malam Mammadu ya karanta ya ba da magani, a tafi ana cewa Malam ya san aiki.

A damina ta shekarar dubu biyu, 'yan makonni bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar, Zailani ya sauka a asibitin da jaka biyu. Ɗaya rikoda ce da kaset-kaset sababbi fil cikin leda, ɗayar kwamfuta ce da ake ninkewa kamar faifan tuwo biyu an kife. Ya ce bincike yake na digirin dokta. So yake ya koya wa kwamfuta sauraro, yadda in mara lafiya ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa, za ta auna kalmominsa da yadda numfashinsa ke fita, ta yi hasashen ciwon, don amfanin ƙauyukan da ba likita. Wani farfesa a ƙasar waje ya yarda zai ɗauke shi shekara uku, amma da sharaɗi. Sai ya kawo muryar mutum ɗari biyu, kowa yana bayanin ciwonsa, an haɗa da abin da malamin asibiti ya gano. Wata uku aka ba shi. In ya kai, kujerar tasa ce. In bai kai ba, akwai masu jira.

Malam Mammadu ya tashi ya ba shi kujerarsa mai hannu, wadda Idirisu bai taɓa ɗora mazaunansa a kai ba cikin shekara goma sha ɗaya. Mai shara ta fara ce masa Dokta tun ranar. Da Idirisu ya tuna mata cewa ai ba a ba shi ba tukuna, sai ta ce to ai an kusa. A gida kuma Indo, matar Idirisu, ta yanka zabon da suke ajiye da shi don baƙon kunya. Idirisu ya ci ƙafa da wuya, yana kallon cinya na tafiya gaban na huɗu.

Da yake su abokan wasa ne, ɗan mace da ɗan namiji, Idirisu ya samu inda zai riƙa fitar da hayaƙi ba a gane wuta ba. Ya ce ashe duk karatun nan ƙarshensa ɗaukar kaset ne, ai da an gaya masa da ya haɗa shi da mai sayar da kaset ɗin wa'azi na bakin tasha. Zailani ya yi dariya ya gyara gilashi, ya ce shi dai tafinta yake nema, tunda Fulatancinsa ya tsaya a gaisuwa, kuma ba wanda ya fi bawansa dacewa. Aka yi dariya, Idirisu ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba.

Ranar farko Zailani ya fito da wata takarda. Ya ce ƙa'idar jami'a ce, ba a ɗaukar muryar mutum sai ya yarda, sai kuma wani nasa ya shaida da dangwale. Ga kuma zamanin da aka shiga, ba ya so a ce wani ɗan boko ya kulle kansa a ɗaki da matan mutane yana naɗar muryarsu. Don haka ya yanke cewa duk wanda za a ɗauka, babban da ya rako shi zai zauna a gefensa daga farko har ƙarshe. Har tabarma sabuwa ya sayo wa dattawan.

Idirisu ya buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshensa, ya ji ɗanɗanonta. Sai ya dubi kujera mai hannu, ya dubi agogon da ke ɗaure a hannun Zailani, ya ce, "Tsari ya yi kyau, Dokta."

Na farko da aka shigo da shi wani Bubayero ne, makiyayi daga wajen Garki da ya zo kasuwa, ƙafarsa a kumbure kamar turmi, surukinsa na biye da shi da sanda. Aka zaunar da suruki a sabuwar tabarma. Zailani ya danna rikoda, ya tambayi abin da ke damunsa. Idirisu ya juya tambayar da Fulatanci, kalma bisa kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Bubayero ya dubi surukinsa ta wutsiyar ido, ya ja riga ya rufe ƙafar, ya ce jam. Aka sake tambaya, ya ce da sauƙi, dama wucewa yake ya ce bari ya gaida Malam. Kaset ya yi ta juyawa yana naɗar kukan awakin waje.

Haka aka yi ta yi. Mata su ja mayafi su ce jam. Maza su kalli silin su ce jam. Wata tsohuwa ce kawai ta yi dogon bayani, shi ma a kan tsadar kanwa. Zailani ya ɗauka tsoron rikoda ne, ya rufe ta da hula. Ya ɗauka gilashinsa ne, ya cire. Ya sayo alewa. Ya canja tambayoyin sau uku, yana zama a baranda da jan biro yana gumi. Duk lokacin da ya tambayi Idirisu ko akwai abin da ya kamata a gyara, sai Idirisu ya ɗaga kafaɗa ya ce shi me ya sani, shi da ya tsaya a aji biyu.

Kada a ɗauki alhakinsa, bai bar kowa ya koma gida da ciwonsa ba. Da an fito daga ɗakin rikoda sai ya ja mara lafiya ƙarƙashin darbejiyar bayan asibiti, ya aika dattijo duba keke, ya yi tambayoyinsa, ya rubuta a bayan kati. Malam Mammadu ya ba da maganin da ya dace. Sai abin ya ƙara ɗaure wa Zailani kai, ga kati na cewa ciwon hanta, ga kaset na cewa lafiya lau. Kwamfutar kuwa, da aka ɗura mata wannan, ta koyi darasinta tsaf. Duk wanda aka sa mata, ko tari yake kamar zai amayar da huhu, sai ta ce ƙalau yake. Ran da Idirisu ya ga haka ya shiga bayan gida ya yi dariya har da riƙe bango.

Amma dariyar ba ta kai shi ko'ina ba. Gidan rediyo suka zo suka yi hira da Zailani, aka sa ranar Juma'a bayan labarai, aka ce ɗan asalin jihar nan ne da ke koya wa na'ura aikin likita. Ba a ambaci tafinta ba. A masallacin Yalwawa mutane suka riƙa tare Idirisu suna taya shi murna, wai ashe ɗan'uwansa ne. Yakan ce eh, tare suka yi firamare, ya buɗe baki zai ƙara, sai ya ga mutumin ya riga ya sa takalmi.

Saura kwana goma sha bakwai wa'adi ya cika, Zailani ya zo bakin taga da hantsi, ya ce wa Idirisu ya rufe ya zo. Zailani ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya buɗe kwamfuta ya nuna masa wani zane kamar haƙoran zarto, da gibi-gibi a tsakani. Ya ce shekaranjiya ya je Yalwawa gaida Gwaggo, wato Dada, mahaifiyar Idirisu, wadda ke zaune a gidan ɗan nata tun rasuwar mijinta. Ta ce tana so ta ji muryarta a rikoda, sai ya kunna mata, ta yi ta lissafo masa sunayen shanun da suka mutu shekarar annoba da kamannin kowace. Da yake ita ce magana mafi tsawo da ya samu a wata biyu da rabi, sai ya sa wa kwamfutar don gwaji. Gibin nan, in ji shi, inda take tsayawa ne ta ja numfashi. Duk kalma uku ko huɗu sai ta tsaya. Ya taɓa ganin irin wannan zanen a muryoyin da ya ɗauka a Kano, na masu tarin fuka.

Idirisu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a ƙeya. Ya ce uwarsa lafiyarta ƙalau, gida ɗaya suke kwana, in da wani abu ai shi zai fara sani, ba akwatin Nasara ba. Zailani bai yi musu ba, ya ce su je dai.

Suka hau babur. Suka tarar da Dada a inuwar zaure na ciki tana tsince wake a faifai. Idirisu ya durƙusa daga nesa ya tambaye ta jiki. Ta juya fuska wajen katanga, ta ce jam, ta tambayi Zailani ko ya ci abinci. A nan Idirisu ya tsaya cak. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ya yi wayo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana kallo ba, balle ta ce masa ga inda ke mata ciwo. Ya tuna watannin nan in ya shigo gida sai ta tashi ta zaga baya, ya ɗauka fulakon da aka saba ne. Shekara goma sha ɗaya yana korar dattawa daga ɗaki, yau shi ne wanda ya kamata a kora.

Ya ja hannun Zailani zuwa soro. Bai iya kallon idonsa ba.

"Zan fita. Kada ka tambaye ta ina ke ciwo, ba za ta faɗa ba. Ka ce mata yaushe rabonta da taka wa gidan Fatsuma da ƙafa, wa kuma ke ɗebo mata ruwan alwala yanzu. Da Hausa ma za ta gaya maka, muddin ba na wurin."

Ya fita ya tsaya a rana a ƙofar gidansa kamar mai jiran a yi masa iso. Mai rake ya wuce ya gaishe shi bai amsa ba. Aka ɗauki kamar rabin awa. Da Zailani ya fito, ya ce rabonta da gidan 'yarta Fatsuma tun babbar sallah, Indo ke ɗebo mata ruwa bisa alkawarin ba za ta faɗa ba, kuma akwai jini a tarin, tana binne shi a bayan ɗaki. Gobe da safe sai babban asibiti, a ɗauki hoton ƙirji.

Idirisu ya gyaɗa kai, ya juya zai shiga. Zailani ya riƙe masa hannun riga. Ai na huɗu ma ba daƙiƙi ba ne.

"Dattawan da nake zaunarwa a tabarma," in ji shi a hankali. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

Zailani ya sake shi. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da ya fi. Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar, ya ce wata biyu da rabi ke nan, Idirisu. Sannan ya hau babur ya tafi Takur, ya bar shi ya nemi na haya ya koma bakin aiki.

Hoto ya nuna tarin fuka ne. Aka ɗora Dada a kan magani na wata takwas, kuma ta tashi, har ta koma taka wa gidan Fatsuma. Duk wadda ta zo dubiya sai ta gaya mata akwatin Zailani ne ya ji ciwon a muryarta, yaron kirki, ɗan ƙaninta. Ɗan fari kuwa ba a faɗin sunansa, don haka bai shiga labarin ba.

Kwana goma sha shidan da suka rage, Idirisu ya yi aikin da bai taɓa yi wa gwamnati ba. Dattijo ya dangwala hannu a takarda, a raka shi duba keke. In mace ce, Indo ta zo ta zauna a gefenta a madadin suruki, ƙofa a buɗe, kowa na gani daga baranda, ba mai jin abin da ake faɗa. Ranar da ba kasuwa suka bi rugage a babur, Idirisu na tuƙi, Zailani a baya rungume da rikoda, ba mai ce wa wani uffan sai abin da aiki ya kawo. Kaset suka fara cika da magana, ta gaske, har da wadda mutum zai yi kuka a tsakiya. Zailani ya riƙa saurare yana rubutu. Amma kwana sha shida kwana sha shida ne. Ran da wa'adi ya cika, murya hamsin da huɗu suke da ita. Zailani ya aika da su haka, da wasiƙar neman ƙarin lokaci, ya koma Kano bakin aikinsa ba tare da ya biyo ta Yalwawa ba.

Sai bayan ƙaramar sallah ya sake bayyana. Idirisu na bayan tagarsa yana jera kati, ya ɗaga kai ya gan shi a layi, tsakanin wata mai goyo da wani mai ɗaurarren yatsa. Da layi ya zo kansa ya zaro ambulan mai tambarin ƙasar waje, ya karanta da Turanci, sannan ya fassara, ko da yake Idirisu ya gane tun daga layin farko. Farfesa ya yaba da hamsin da huɗun, ya ce bai taɓa jin irinsu ba. Amma kuɗin binciken na da lokacinsa, an ba wani kujerar, wani malami daga wata ƙasa can gabashin Afirka, wanda ya kawo ɗari biyu da goma. Zailani ya ce zai yi digirin a gida, a jami'arsu, ko shekara nawa zai ɗauka, ba janareta ba kuɗin kaset.

Gaskiya dai ita ce, wani ɗan abu mai sanyi ya ratsa ƙirjin Idirisu, kamar an sha ruwan randa. Ya ji shi sarai, ya yi istigfari a zuci sau uku, abin bai gama fita ba. Ya karɓi wasiƙar ta tsakanin sandunan taga, ya nemo sunan mutumin da yatsa, ya yi ta kallonsa. Sai ya ji wani zafin daban ya taso, sabo, wanda ya danne na da. Ya tambaya ko shi wannan ɗin ya taɓa shiga ruga. Zailani ya ce bai sani ba. Ya tambaya wa ya yi masa tafinta, kuma wa ya tabbatar ɗari biyu da goman nan ba lafiya lau suka ce su duka ba. Ya ce shi ya san irinsu, masu cika kaset da gaisuwa, a ba shi adireshin farfesan ya rubuta masa da kansa.

"Da wane biron?" in ji Zailani.

Mai ɗaurarren yatsa ya ce don Allah in sun gama a ba shi kati, yatsan na zuga. Idirisu ya ce ya yi haƙuri, ana maganar wani azzalumi ne da ya ƙwace musu kujera. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihunsa, ya ce wa Zailani ya zagayo ta ƙofa, ya daina tare wa marasa lafiya layi.